Tabar da Ba Ta Hayaƙi

Mai shagon ya ɗauka ɓatan hanya ta yi. Dattijuwar mace cikin farin tob, lulluɓin matan Sudan, ta kutso tsakanin direbobi da 'yan dako a layin masu taba na kasuwar Omdurman, inda warin wurin kaɗai kan sa baƙo atishawa. Saratu ta toshe hanci da gefen tob, ta ce a ba ta sa'ut mai kyau. Ya dube ta, ya dubi mazan da ke tsaye, sannan ya danƙara mata jiƙaƙƙen garin taba a ɗan gwangwani, har da cewa a gaida mai gida. Kunya kamar ta nutse, amma ta fito tana jin ta yi abin kai.

Mijinta Mainasara ya shekara ashirin da biyu yana jan bas tsakanin kasuwar Suk al-Shabi da Omdurman, kuma ba a taɓa ganin leɓensa babu karan sigari ba. Sai tari ya kama shi, irin mai tsayar da mutum a tsakiyar sallah. Likita ya ce ko ya bar sigari ko ya bar duniya. Sau uku yana bari. A na ukun ya fasa kofin shayi, ya balbale 'yarsu Ni'mat da faɗa ba gaira ba dalili, ya zagaya bayan gida, ya dawo yana warin sigari yana sunkuyar da kai. Saratu ta tsorata, don ta ga da gaske mijinta zai mutu ya bar ta.

Gogo, ƙanwar mahaifinsa, ita ta kawo shawara. "Hayaƙi ne ke kashe mutum, 'yar nan. Ki sayo masa sa'ut ya riƙa dasawa a leɓe. Iyayenmu a gonakin auduga na Jazira da shi suka tsufa. Taba ce da kanwa, kanwa kuwa ai magani ce."

Maganar ta zauna wa Saratu daram. Abin da ba wuta, ba hayaƙi, ta ina zai kai ƙirji?

Mainasara da fari ƙi ya yi. Ya ce shi ba zai koma mai tofe-tofe ta tagar mota ba. Ta bi shi da roƙo kwana biyu, ta haɗa shi da Allah da darajar 'yarsa. Daga tafin hannunta ya ɗauki curin farko ya cusa tsakanin leɓe da dasashi.

*

Abin takaicin shi ne dabarar ta ci. Tari ya tafi. Mainasara ya tsiri tattaki zuwa bakin Nilu bayan sallar asuba, ya rage sukarin shayi daga cokali uku zuwa ɗaya, ya koma cin ganyen da a da yake kira abincin awaki. Ya yi kumatu. Kamar kowane sabon tuba, ya addabi direbobin tasha da wa'azi, har sukan ɓoye kwalinsu in sun hango shi. Matan unguwa suka samu abin yi wa mazansu gori. Ita ma Saratu ba ta yi rowa ba, duk wadda ta tambaya sai ta ba ta labari tiryan-tiryan, tana jin daɗin yabon.

Haka aka shekara tara, curin taba kullum a gurbi ɗaya, gefen hagu na leɓen ƙasa. Sai wurin ya yi fari, daga baya ya zama ɗan miki. Ya ce zafin gari ne. Ta jiƙa masa bagaruwa ya kurkure, ta shafa zuma, wata biyar ana abu ɗaya. Ranar da Ni'mat ta zo daga gidan mijinta ta ga uban yana hawaye a kan shayi mai ɗumi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta tasa su gaba sai asibiti a Soba.

Likitan ya daɗe yana haska bakin da 'yar fitila. Ya ce ciwon daji ne, kuma babu makon da ba ya ganin irinsa a bakin masu sa'ut. Ya ajiye fitilar a gajiye.

"Ya hajj, wa ya ce maka wannan ya fi sigari sauƙi?"

Saratu ta buɗe baki. Mainasara ya ɗora hannu a gwiwarta ya danne.

"Ni na sa kaina, diktor."

Kafin a yi aiki an ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan ya ɗaga shi a hasken taga ya ce masha Allah, huhun ya murmure, zai jure wa tiyata. Likitoci suka cire leɓen, da rabin muƙamuƙi, da gefen harshe. Suka ce an zo a makare, ba su yi alkawarin komai ba.

*

Tun da aka dawo da shi gida ya naɗe bakinsa da jelar rawani. Mutumin da a da muryarsa ke cika tasha ya koma nuni da yatsa. Ya hana kowa shiga ɗakin. Abokan aikinsa sukan zauna a tsakar gida su yi addu'a su tafi. Saratu kaɗai ke ganin abin da ke ƙarƙashin rawanin, sau uku a yini, in za ta ɗura masa kunu da cokali. Sau ɗaya ta durƙusa ta nemi gafararsa, ya kaɗa mata yatsa alamar kada ta ƙara. Da zaginta ya yi da ta fi samun sauƙi.

Wata hantsi Fatna, matar maƙwabcinsu Jibrin, ta shigo da goyo. Bayan gaisuwa ta rage murya ta ce Jibrin tari ya hana shi sakat, ya kasa barin sigari, tana so a kwatanta mata inda ake samun sa'ut mai kyau. Kwanon kunu ya kusa suɓuce wa Saratu. Ta ce kul, ta ce shi ne ya kwantar da mai gidan nan, ta ce da hannunta ta kai masa. Tun da ciwon ya bayyana, shi ne karo na farko da ta faɗi haka wani na waje ya ji. Fatna dai ta yi mata kallo irin na wadda ke ganin tsohuwa ta ruɗe.

Sai suka ji ana ƙwanƙwasa katakon gado daga ɗaki. Mainasara ne, yana yafuto su. Saratu ta tsaya a bakin ƙofa tana girgiza masa kai, amma ya tashi zaune, ya juyo da fuskarsa wajen haske, ya warware rawanin a hankali.

Fatna ta yi salati, ta kare fuskar goyonta da hannu duk da barci yake yi. Ta yi masa fatan lafiya, ta fita da baya. Saratu ta raka ta har ƙofar gida. A nan Fatna ta share ido ta gyara goyo.

"Malesh, khalti, ki yi haƙuri uwata, amma ciwo ai na Allah ne. Babana har ya rasu yana sawa, ko ƙurji bai taɓa yi ba. Bari dai na tambayi wata."

Da Saratu ta koma ɗaki ta tarar bai mayar da rawanin ba. Yana zaune yadda ta bar shi, ya kafe ta da ido, ya ɗaga gira yana tambaya.

"Ta ji, Abu Ni'mat," in ji Saratu. "Ta ce ba za ta saya ba."

Ya lumshe ido ya gyaɗa kai, ya jingina da bango kamar wanda ya sauke kaya. Ta zauna a bakin gado ta ɗebo kunun, wanda tuni ya huce. Rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta inda babu leɓe, ta tara tafin hannunta a ƙarƙashin haɓarsa.