Tsagar da Aka Yi wa Soro

Wata huɗu Ruƙayya ta yi tana awo da zane kafin ta yarda a kafa ko ƙusa ɗaya a tsohon soron wasanni na Kankiya. Ginin tubali ne, bakuna shida na azara da laka suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, su ke ɗauke da rufin. A nan mahaifinta, marigayi Ma'aruf, ya shekara ashirin yana wasan kwaikwayo. Da kwamitin gari ya tashi gyara soron, ita aka ba tsara wuta da fankoki da famfo, don abin da ta karanta ke nan.

Sharaɗinta ɗaya ne: kada a sassaƙi gini. Kowace waya ta bi ta siririn bututu a fuskar bango, a shafa masa launin ƙasa.

Alhaji Ɗanmaliki, shugaban kwamitin, ya duba zanen ya taɓe baki.

"Ɗiyata, waya a fili? Sai ka ce rumfar mai caji? Baƙi su zo daga Katsina su ce ba mu ƙare aiki ba?"

"Baba, gidan bulo ake binne wa waya. Wannan laka ce. In aka tsaga baka, rufin ya rasa ƙafa."

"Ina shiga soron nan tun ubanki bai yi kaciya ba."

"Shiga ka yi, Baba. Ni auna shi na yi."

Aka yi dariya, ban da Alhaji.

Ana cikin haka aka aiko cewa kakarta Kulu ba lafiya a Dudunni, can ƙasar Kusada. Ruƙayya ta tafi, ta yi kwana biyar tana jinyarta. Ranar da ta dawo, tun daga ƙofa ta ga jar ƙasa an share an tara. Ta ɗaga kai. Kowane baka an tsaga shi daga gindi har tsakiya, faɗin yatsa uku, an cusa waya, an liƙe da siminti sumul. A cikin tarin ƙasar ta tsinci guntayen azara da igiyar da magina na dā suka ɗaure ta da ita.

Bayo, mai haɗa wutar, haifaffen garin, ya kasa kallon idonta.

"Injiniya, Allah ya sani na faɗa. Alhaji ya ce in ban yi ba a kira wani. Ya ce mamaki za a ba ki."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta rubuta wa kwamiti takarda cewa a tokare bakunan da itace, a kira tsofaffin magina kafin damina ta kankama. Aka ce an riga an sa ranar buɗewa, tokara za ta ɓata hoto. Ta ƙi sa hannu a takardar kammala aiki. Ta sayi kwaɗo ta garƙame ƙofar, ta jefa makullin a jakarta.

Mako biyu gari yana cin namanta. Wai boko ya hau mata kai. Wai haushi take ji don ba a bi zanenta ba. Wata ƙawar mahaifiyarta ta tare ta a kasuwa ta ce, "Ke 'yar nan, ɗakin ubanki kike hana mutane shiga?" Ruƙayya ta gaishe ta ta wuce. Kowace safiya tana buɗe soron ita kaɗai, ta auna tsagar da ta fito gefen simintin. Kullum ƙaruwa take.

Saura kwana uku a buɗe, aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Rufin ya sha ya yi nauyi. Bakan tsakiya ya fara saki, ya ja biyu suka bi shi. Ba kowa a ciki, duk da a ranar ne 'yan wasa suka so shiga gwaji ta hana makulli.

Alhaji Ɗanmaliki ya zo da lema, ya daɗe yana kallon fankokin da suka lanƙwashe cikin laka.

"Allah ya tsare rai," in ji shi. "Sauran ma sai a rushe, a yi na bulo."

Ruƙayya ta jira ko zai ƙara wani abu. Sai ya juya zai tafi.

"Baba, a ba ni zuwa Asabar. Ina so in auna ukun da suka rage, in zana yadda aka ɗaure su. Ba mai irin ɗaurin nan yanzu."

Ya ɗaga kai alamar ya yarda, ya tafi.

Ta cire takalmi ta taka lakar, ta jawo ma'auni daga jaka. Bayo ya matso ya riƙe mata bakinsa a gindin bango. Ta ja har inda hannunta ya kai, ta tsura wa lambobin ido, suka ƙi tsayawa. Ta goge fuska da gefen mayafi, suka sake dushewa.

"Bayo," ta ce, "karanta mini. Ni zan rubuta."