Ƙarar Fulawil ɗin Kawu Dankwa

Hantsi ya ɗaga, ruwan da aka kwana ana yi a Kumasi ya ɗauke, amma sama ba ta washe ba. Layukan makanikai na Suame duk sun zama caɓi, baƙin mai yana yawo a kan ruwa. Ofosu na tsugune a bakin rumfar Masta Boadi, ya zuba wa motarsa ido. An riga an sauke giya an ajiye ta a kan tsohuwar taya, bas ɗin ta tsaya bisa gungumen katako, cikinta a buɗe.

Motar ta Kawu Dankwa ce, yayan mahaifiyarsa. Da ya rasu bara, dangi suka zauna, gado ya bi ɗan 'yar'uwa yadda aka saba a al'adarsu, aka miƙa wa Ofosu makulli. Ran Asabar za a yi taron cikar shekara da rasuwarsa a gida, can saman dutsen Kwahu, kuma Ofosu ya yi wa mahaifiyarsa alkawari cewa a motar ɗan'uwanta za su je, ita da 'yan'uwanta mata da tukwanensu da ayabarsu. Sai ga kuloci ya fara zamewa. A miƙaƙƙen titi ma injin ya yi ta kuka motar ba ta gaba, balle hawan da ke tashi daga garin Nkawkaw yana murɗewa. Idan ta sake a can da tsofaffi a ciki, baya za ta yi.

Masta Boadi ya fito daga ƙarƙashin motar yana nishi, rungume da fulawil, faifan ƙarfen nan mai nauyi da farantin kuloci ke kamawa. Abokin Kawu Dankwa ne tun suna 'yan koyo, yanzu gemunsa ya yi fari, gwiwa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Ya dire fulawil ɗin a gaban Ofosu.

"To, magajin Dankwa, ga surukinka. Faranti sabo za mu sa, wannan ba gardama. Shi kuma fa?"

Ofosu ya shafa fuskar ƙarfen. Ta yi shuɗi-shuɗi wuri-wuri saboda zafi, ga 'yan zane-zane sirara kamar gashi.

"Masta, a goge shi da takardar yashi a mayar mana."

"A mayar. Ka ji direban zamani."

"Ko a kai wa masu sassaƙar ƙarfe su ɗan ɗebe masa fuska."

"Su ɗebe me? Ni da hannuna na sha kai shi. Dubi kaurinsa. In aka sake taɓa shi, sai mu ba Anti Serwaa ta soya ƙwai a kai."

Anti Serwaa mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye ana ci da kifi, wadda rumfarta ke jingine da tasu, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Kada ku sa ni a shirmenku. Kaskona ya fi motocinku lafiya."

Ofosu ya yi murmushi, amma hannunsa bai bar kan ƙarfen ba. A motar nan an canza kusan kome. Ƙofa ta wata mota ce, kujeru an sake musu fata, gilashin gaba ma ba shi ne na da ba. Wannan faifan ne kaɗai ya san tun yana ƙarami yake ciki.

"Shi kaɗai ya rage na Kawu," ya ce a hankali.

Masta Boadi ya shiga cikin rumfa ya ɗauko waya mai kauri, ya zura ta a ramin tsakiya, ya rataye fulawil ɗin a jikin ƙarfen rufi. Faifan ya ɗan juya, ya tsaya. Sannan ya zaro sifana babba ya miƙa wa Ofosu.

Ofosu ya gane. Haka Kawu Dankwa yake yi. Bai yarda da idon kowa ba, har nasa, sai kunne. Kuma ba ya barin makanike ya buga, ya ce mai mota ne zai hau dutse da ita, shi ya kamata ya ji. Ofosu ya tuna wata Asabar yana ɗan makaranta, a wannan rumfar, lokacin rufinta na kwano sabo ne. Kawu ya ɗaga shi sama ya ba shi sifana. Ya buga, ƙarfen ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawar coci, har ya ji ta a haƙoransa. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ka ji? Lafiyayye waƙa yake." Daga nan ya saya masa soyayyar ayaba mai yaji, suka koma gida yana zaune a gaba, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

"Masta, kai ka buga."

"Ni ba ni da uwa a motar nan."

Ofosu ya miƙe. Ya daɗe riƙe da sifanar, sannan ya buga a gefe. Ƙarfen ya ce kwaf, ya yi shiru, kamar an buga fasasshiyar tukunya. Ya juya shi ya buga ɗaya gefen. Haka dai.

"Ko wayar ce ta danne shi?"

"Buga har gobe. Ba na sauri."

Bai sake bugawa ba. Ya ajiye sifanar a kan benci ya zauna. Anti Serwaa ta daina jujjuya kifinta, can kuma ta ci gaba. Faifan ya tsage, tsagin ya shiga ciki, inda takardar yashi ba ta kaiwa. A ransa Ofosu ya hango mahaifiyarsa a kujerar bayansa da baƙin zanenta, tana riƙe da kwando, da kwarin da ke hagun hanya.

"A canza," ya ce.

"Tashi mu je, to. Ka ɗauko wayar."

Suka bi layin masu tsofaffin kaya, Masta Boadi yana jan ƙafa, yana gaisawa da kowa. A shagon farko mai kaya ya rantse nasa daga jirgi aka sauke shi jiya. Ofosu ya rataye ya buga, ƙarar ta fito gajera.

"Jirgin ya nutse da shi ne?" in ji Masta Boadi.

A wani shagon haƙoran gefen faifan sun cinye, ba su ma rataye ba. Sai can ƙarshen layi, wurin wata dattijuwa da ke tsare shagon mijinta, suka sami wani a ƙarƙashin tarin ƙarafa, tsatsa ta rufe shi amma fuskarsa sumul. Matar ta ga suna ɗaura waya a ƙofarta, ta gyara zama.

"'Yan gidan Dankwa ne ku? Shi kaɗai ke zuwa yana yi mini kiɗa a shago."

"Ɗan ƙanwarsa ne," in ji Masta Boadi.

"Allah sarki. Buga mu ji."

Ofosu ya buga. Ƙarar ta tashi, ta daɗe, ta bi ta cikin rumfunan kwano tana raguwa sannu-sannu.  Masta Boadi ya juya baya yana duban wani abu a ƙasa da babu wanda ya gani.

La'asar ta yi kafin a gama haɗawa. Rana ta ɗan leƙo, laka ta fara bushewa. Ofosu ya je wanke hannu a famfo, da ya dawo an sauke motar daga katako, Masta Boadi yana fitowa ta ƙofar direba da gwangwanin mai a hannu.

"Kai ta gangaren bayan kasuwa, ka tsaya a tsakiyar hawa ka sake tashi. In ta zame ka dawo ka zage ni."

Ofosu ya hau ya zauna, gwiwoyinsa sun tokari sitiyari kamar kullum. Kawu Dankwa gajere ne, kujerar kuma ta yi tsatsa a inda ya bar ta, shekara guda Ofosu yana tuƙi a takure. Ƙanshin sabon mai ya bugi hancinsa. Ya kai hannu ƙasa ya ja ƙarfen, sai kujerar ta sulale baya ba ko ƙara. Ya miƙe ƙafa, ya taka kuloci har ƙasa.

Ya leƙa ta taga. Masta Boadi ya riga ya koma benci, ya ba shi baya, yana gardama da Anti Serwaa a kan wutsiyar kifi. Ofosu ya sa giya, motar ta ɗauka.