Kumfar Iska a Idon Mai Agogo

Ido ɗaya ya rage wa mai gyaran agogo, shi ma ya dushe. Inna, matarsa, ta fi kowa sanin yadda na hagun ya tafi, don a hannunta ya mutu. Shekarun baya labulen da ke can bayan idon ya ɓalle, likitoci suka yi aiki, suka hura masa kumfar iska a ciki, suka ce ya kwanta rub da ciki har kumfar ta danne wurin. Ina! Mutumin da ba ya iya zama sai da ɗan sukudireba a hannu? Tana shiga kicin sai ya mirgina, wai ƙirjinsa ya gaji. Ita kuma tausayi ya hana ta tsawatar masa. Idon ya tafi, kuma tun daga nan ba ta yafe wa kanta ba.

Na daman kuwa, bayan an cire masa yana, tantanin gaban idon ne ya yi fari, kamar gilashin agogon da ruwa ya shiga. Sun sha jira kafin a sami tantanin wani bawan Allah da ya rasu ya bar wasiyyar a ba mabuƙata. Ranar aikin, ciwon gwiwa ya hana Inna hawa benen asibiti, sai autansu, direban babbar mota, ya raka uban.

Da yamma ya dawo da shi, ido a lulluɓe da auduga.

"Inna, aikin yanzu ba irin na da ba ne," in ji Auta. "Da can yanke tantanin ake yi gaba ɗaya a ɗinka wani. Yanzu ɗan siririn ɓawo kawai ake sakawa daga ciki, ba ɗinki. Kumfar iska ce ke riƙe shi."

"Kumfa? Ai ni za a tambaya labarin kumfa."

"To madalla. Baba ya ji bayanin kwanciyar." Wayarsa na ta kuka, an gama lodi ana jiransa. Ya fice da sauri.

Tsohon ya lallaɓa kan gado ya miƙe rigingine. Inna ta nufo shi.

"Malam, tun yau za ka fara? Juya."

"Haka likita ta ce. Fuska sama."

"Wancan karon ma cewa ka yi likita ya yarda ka ɗan juya. Ina idon yake yanzu?"

Gaskiyarta ce, ya taɓa yi mata wannan ƙaryar, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ga maganin barcin bai gama sakinsa ba, har shi kansa ya fara tantamar abin da ya ji. Ta kifa shi, ta naɗe tawul ta tokare masa goshi, ta jera matasan kai hagu da dama don kada ya mirgina.

Wallahi ba a taɓa jinya da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Ta jawo tabarmar sallarta bakin gadon. Ta dawo da risho ƙofar ɗakin don ta riƙa ganinsa tana girki. Da bututu take ba shi shayi. In ya yi nishi ya ce bayansa, sai ta murza masa bayan tana hawaye, amma hannunta ɗaya na kan ƙeyarsa.

"Ka tsane ni in kana so," ta ce. "Wannan idon dai ba zai tafi a hannuna ba."

Ranar komawa asibiti ta ce ko da rarrafe sai ta hau benen nan, ta kuwa hau. Likitar, wata siririyar mata mai sanyin murya, ta cire audugar, ta haska fitila, ta daɗe tana leƙawa.

"Baba, me kake gani?"

"Hayaƙi, 'yata."

"Mama, yaya yake kwanciya a gida?"

Inna ta gyara mayafi. "Rub da ciki, likita. Ko ɗaga kai ban bari ya yi ba."

Likitar ta kashe fitilar. A hankali ta yi bayani, ita kanta maganar na yi mata nauyi. Iska sama take tashi. A aikin bayan ido ana kifa mutum don kumfar ta koma baya. A wannan kuwa rigingine ake yi, don ta taso ta manne ɓawon a gaba. Kumfar ta gudu baya, ɓawon ya saki, ya naɗe, ya lalace. Sai dai a sake shiga layi, kuma masu bayar da idon ba su da yawa.

Inna ta so ya yi mata faɗa, ya zage ta a gaban likitar, ko ta sami sauƙi. Bai yi ba, har suka sauko, har suka isa gida tana riƙe da hannunsa. A bakin gado ya tsaya, ya laluba matasan kan da ta jera. Muryarsa ba gatse, ba fushi, tambaya ce kawai ta wanda ya saba a faɗa masa.

"Yau ta yaya kike so in kwanta?"