Sandar Auna Ruwa

Awa biyar muna tafiya, na'urar sanyaya motar Yaya tana hura mana wuta, shi kuma sai cika baki yake wai motarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Na ce to, yau ta fara.

Baba na kujerar gaba, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Shekara ashirin da shida ya yi yana gadin gandun dajin nan na hamada. Aikinsa na farko kowace safiya shi ne ya je tafkin da barewa ke sha, ya tsoma sandar nan, ya duba inda ruwa ya tsaya a jikin tsagar da ya yi mata da wuƙa. Yanzu idonsa ya tafi, likita kuma ya ce zuciyar ba za ta sake ɗaukar doguwar tafiya ba. Abu ɗaya ya roƙe mu: a kai shi bakin ruwansa.

A ƙofar shiga, mai yankan tikiti ya ji inda muka nufa, ya buɗe baki, ya kalli Baba, ya fasa. Ni kuma ban tambaya ba.

Muka isa. Babu tafki. Rami ne kawai, ƙasa ta tsattsage kamar faso, yashi ya cinye rabi. Ko tsuntsu babu.

"Auta, yaya ruwan?" in ji Baba.

Na kalli Yaya. Ƙaton banza, sai ya durƙusa yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

"Yana nan, Baba. Cike yake fal."

Wallahi na manta da sandar. Baba ya ce in kai shi bakin ruwan. Na riƙe hannunsa muka gangara.

Ya miƙa sandar, ta daki busasshiyar ƙasa, ƙwas. Ya ɗago ta, ya bi tsagar da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa. Ni dai ina tsaye hawaye na zuba, na toshe baki kada ya ji.

Sannan ya goge bakin sandar da gefen rigarsa, yadda ya saba in ta jiƙe.

"Ya ɗan ragu, Auta," ya ce. "Bar kuka, kin ji. Mu koma, kada mu hana barewa sha."