Rabin Albarushi

Mutanen Gwiwa sun yi azumi talatin a shekarar 1959, alhali Kazaure da Roni sun tsaya a ashirin da tara. Ba su san an yi salla ba sai da rana ta take, da wani ɗan koli ya shigo gari a kan keke, sanye da sabuwar riga, yana taunar goro a bainar jama'a. Har an fara jan kwalarsa kafin ya samu bakin bayani.

Wanda abin ya faɗa wa a ka shi ne Halliru, Sarkin Bindiga. Yana da mutum takwas a ƙarƙashinsa, shi ne na tara, kowa da bindigar toka da dutsen da ya gada wurin ubansa. In an tabbatar da ganin wata a Kazaure, Halliru ya hau dutsensa ya saki wuta. Na gaba ya ji, shi ma ya saki. Haka labari ke tsallakawa dutse zuwa dutse, ya ratsa Roni, ya isa Gwiwa kafin a gama shan ruwa. Albarushin daga baitulmalin En'e, hukumar gargajiya, yake fitowa, gwangwani goma sha takwas a shekara.

A watan Sha'aban takarda ta zo daga sama cewa kowace En'e ta rage kuɗin makamai da rabi. Di'o na lokacin, Baturen da ake yi wa laƙabi da Mai Jan Alƙalami, ya bincika makaman ƙasar kaf. Ya samu kulaken 'yan doka, waɗanda ba sa cin komai, da bindigogin Halliru. Ya sa aka kira shi ofis, Malam Lauwali akawu na tafinta.

"Ya ce rundunarka ta yi wa gwamnati tsada," in ji Lauwali.

"Wace runduna kuma?"

"Ku tara ɗin nan. A takarda sojoji ne ku."

"Gaya masa ƙaraminmu ya ba hamsin baya. Kawu Daudu ma sai an tura shi yake hawa dutse."

Lauwali ya juya maganar. Baturen ya yi murmushi, ya ja layi.

"Ya ce to madalla, ba za ku yi tawaye ba ke nan. Gwangwani tara."

A gida matarsa Tasalla ta kawo shawara tana tankaɗen gari. Ta ce ya zaɓi mutum huɗu ko biyar masu dogayen duwatsu, ya ɗura musu bindiga ta cika, sauran su zauna a gida bana.

"Wa zan ce wa ya zauna?" in ji Halliru. "Daudu, da ya goye ni? Ko Sama'ilu, da ubansa ya rasa yatsa uku a kan dutsen nan?"

"To ka ba su duka, ku yi ta atishawa a kan duwatsu."

Ya ba su duka. Ya zauna a zaure ya raba albarushin da ludayi ɗaya, kowa na kallo, har ba wanda ya fi wani ƙwaya. Da azumi ya kama ba a samu matsala ba, don kowa ya ga wata da idonsa. Na salla kuwa mutum biyu kaɗai suka gan shi a Kazaure.

Halliru ya hau ya harba. Shi kansa sai da ya duba bakin bindigar, don ƙarar ba ta taka kara ta karya ba. Duk da haka na biyu ya ji, na uku ya ji, labari ya rarrafa har ya wuce Roni. A dutse na bakwai ya mutu. Kawu Daudu, mai dutse na takwas, ya shaida daga baya cewa lallai ya ji wani abu daga gabas, amma ya ɗauka jakin wani ne ya yi tusa, kuma shi ba zai sauke wa Musulmi azumi a kan tusar jaki ba. Ya jira har isha, ya sauko ya yi sahur washegari.

Bayan salla Gwiwa ta turo wakilai, Hamma, wani dattijon makiyayi, a gaba. Ya ce su ba su zo neman diyya ba, ladan yini guda ba ya ɓaci. Shanun da suka kwana ba a yi musu kwalliya ba, da tuwon salla da aka ci a ranar da ba ta salla ba, su ne abin magana.

Aka sake zama a ofis. Halliru ya ce abin da ya faru ya nuna rabin albarushi ba ya isa. Di'o ya ce abin da ya faru ya nuna bindiga ba ta isar da saƙo, keke ɗaya zai yi aikin mutum tara.

"Ranka ya daɗe, keken ya isa Gwiwa da azahar," in ji Halliru.

"Ya ce naku bai isa ba ko da azahar ɗin," in ji Lauwali, idonsa a ƙasa.

Di'o ya rubuta shawarar a rushe rundunar, a soke sarautar. Amma rushe runduna ya fi ƙarfin Di'o, sai Razdan a Kano, shi kuma ya ce ya fi ƙarfinsa, sai Kaduna. Kafin amsa ta zo, aka karɓe bindigogin tara aka kulle a sito, aka ba Halliru rasit.

Da shekara ta kewayo aka ba ƙasa mulkin kai, Mai Jan Alƙalami ya tafi gida. Halliru ya ci gaba da zuwa ofis kowane Sha'aban da rawaninsa, ya gaisa, ya tambaya. Lauwali ya zama babba, ya yi ritaya. Wanda ya gaje shi ya ce a takarda ba a soke sarautar ba, saboda haka ba za a iya mayar da ita ba. Soja suka hau mulki, aka rarraba jihohi, kuɗin mai ya shigo, rediyo ya shiga kowane zaure yana faɗin ganin wata. Kawu Daudu ya rasu, Sama'ilu ya koma gadin makaranta.

A 1975 wani sabon akawu ya buɗe siton yana neman wurin ajiye siminti. Ya samu bindigogi tara, gara ta cinye ƙotar shida. Ya rubuta wa Kano yana tambayar na wane ne, Halliru ya kai masa rasit ɗinsa. Kano ta amsa cewa batun makamai na gwamnatin tarayya ne, ta tura takardar Legas.