Jar Kuɓewar Innata

Shekarar da Inna ta rasu, kogi ya cinye lambunta na Gotey, ya tafi da jar kuɓewar da aka san gidanmu da ita. Ko ƙwaya ba ta tsira ba. Sai ƙannena suka tuna ina da ɗan ƙullin iri a ƙasan akwati, a gidan aurena a Ayoru. Kullum sai an aiko: "Gambina, ya fito?"

Irin ya tsufa, na sani. Na jiƙa wasu a ruwan ɗumi, shiru. Na naɗe wasu a jiƙaƙƙen tsumma na sa gindin randa, suka yi funfuna. Wasu na goge musu baya a kan dutse, na shuka a tsohon kwano, ina leƙawa kamar mai jinya. Na zagi ƙasar Ayoru, na zagi kajin maƙwabta. Abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, tsoro ya kama ni.

Na kwashi sauran na kai wa Iya Dommo, wata tsohuwa 'yar garinmu da ke sayar da busasshen kifi a kasuwa. Tare suka yi lambu da Inna tun suna 'yan mata.

Ta jefa ƙwaya ɗaya a baki, ta gartsa, ta tofar.

"'Yar nan, wa ya ba ki wannan?"

"Iya, tsufa ne ya kashe shi?"

"Tsufa? Ni ban tsufa ba, ga ni ina cin kasuwa? Wannan ya sha wuta."



"Wuta kuma, Iya?"

"A yashi mai zafi uwarki ke gasa shi, sama-sama, yadda ido ba zai gane ba. Wanda duk ya roƙi iri, shi take damƙa masa tana dariya, don kada kuɓewar ta bar gidanku. Ni ma ta yi mini, muguwa, Allah ya jiƙanta. Na gaskiyar 'yan gida kaɗai take ba." Ta kalle ni. "Hala wurin baƙi kika karɓo?"

Na zauna kan buhun kifinta. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

"Iya, ita ta ba ni. Da hannunta ta ƙulle mini, ranar da za a kawo ni Ayoru. Har kuka take yi."

Iya Dommo ta kau da kai, ta shiga korar ƙudaje daga kan kifi.