Ƙunshin Burodin Majken

Ranar da Majken ta fara makaranta a Halden, ubanta Torgny ya duba jakarta da kyau: fensir, takalmin cikin aji, rigar ruwa. Abinci bai ko faɗo masa a rai ba. A Strömstad, inda suka baro, makaranta ce ke ciyar da yara da rana, abinci mai zafi, kyauta. Haka ya taso ya gani. Amma wancan Suwidin ce, nan kuwa Nowe, ko da yake iyaka kawai suka tsallako.

Yarinyar ta dawo daga makaranta. Sai da ya matsa mata sannan ta ce kowa ya fito da ƙunshin burodinsa, ita ta zauna tana kallon tebur, har malama ta gutsura mata nata.

"Baba, ni wajen Mama zan koma."

Torgny ya san ba barazana ba ce. Da suka rabu da uwarta sun yi magana: in Majken ba ta saba da nan ba kafin hutun kaka, za ta koma Strömstad da zama.

Washegari ya tashi da asuba ya dafa dankali da curin nama, ya zuba a kula. Ta dawo da kular a cike. Tana buɗewa, in ji ta, ƙamshi ya cika aji, wani yaro ya tambaye ta ko biki ake a gidansu.

Ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa Oddvar, wanda ya yaye 'ya'ya uku a makarantar.

"Mutumin Suwidin," in ji Oddvar, "gwamnatinku ba ta biyo ku da tukunya ba?"

"Ku da man fetur har wuya, kun kasa dafa wa yaro dankali."

"Ku dai ku cika masa ciki, sannan ku bi shi da makin jarrabawa tun aji shida. Mu sai aji takwas."

"Ban zo musu ba. Nuna min yadda ake yi."

Oddvar ya yanka burodi mai duhu, ya shafa man shanu kamar mai jin tsoronsa, ya ɗora cukui ruwan kasa falle ɗaya. Bai rufe da wani burodin ba. Ya sa 'yar takarda a kai, ya ɗora na biyu, ya naɗe duka.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In ya yi daɗi, ka ɓata."

Torgny ya sayo takardar da abin yankan cukui. Ya yi ta gwadawa a kicin, yana cinye waɗanda suka karkace, har ƙunshin ya fito daidai da na Oddvar, ba kyau, ba ƙamshi.

Ran Alhamis Majken ta shigo ta jefar da jaka. Ya leƙa ciki. Takarda ce kawai a dunƙule.

"Cukuinka ya yi kauri," ta ce. "Tuva ta ce da gani hannun ɗan Suwidin ne."

"Wace ce Tuva?"

"Wadda muke zama tare a aji. Gobe ka sa uku, ita tana son mai niƙaƙƙiyar hanta."

Torgny ya ɗauki jakarsa ya fita neman hanta.